Jinin Malomo da Jan Ƙyalle

Litinin, 4 ga Mayu, da hantsi

"Ranar da na'urar nan ta iso Badun, Ibidun, jinin ƙanwarki ne zai fara shiga cikinta. In na saɓa, ki kira ni da duk sunan da kika ga dama."

Kai ka faɗa, Gbadebo. A gindin mangwaron bayan sashenmu, bakinka cike da gyaɗa, tun ba a ba ka kujerar shugaban sashe ba. Na rubuta a nan don kada wata rana in fara zargin kunnena.

Na'urar ta iso tun kafin ruwan farko. Ga ta nan a ɗakin gwajina, in na miƙa hannu daga teburina sai in taɓa ta. Injiniya ya zo daga Legas ya haɗa ta, ya gwada ta da ruwan gishiri, ta yi gurnani a hankali kamar kyanwar da ta ƙoshi. Daga nan aka lulluɓe ta da farin yadi, aka ɗaure da jan ƙyalle, aka kafa allo a bango da sunan marigayi Adedotun, ɗan Cif Adelakun mai sayar da rodi, wanda ya saya mana ita. Ba mai taɓa ta sai Cif ya zo ya yanke ƙyallen da hannunsa. An sa rana, an ɗaga. An sake sawa, an sake ɗagawa. Ankon bikin har ya fara warin akwati.

Yau na tare Gbadebo a baranda. Ya ce, "Ibidun, ki yi haƙuri mana. Kin san manyan nan. Ka taɓa abin mutum kafin ya buɗe, ka zage shi ke nan."

Na ce, "Na'urar ƙirga ƙwayoyin jini ce, Gbade, ba amarya ba."

Ya yi dariya har da dafa bango. Da ya gama sai ya ce takardar tuhuma tana jiran duk wanda ya ɗaga yadin nan. "Ko da ke ce. Ke ma fa musamman."

Laraba, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Ruwa tun azahar. Daga tagata rufin kwanon garin nan duk ya jiƙe, tsatsarsa ta yi ja kamar an ɓarar da manja daga kan tudu. Da safe na koya wa 'yan aji ɗaya abin da nake koyarwa kowace shekara, da kwanon ruwa da cokalin manja. Rabinsu suna danna waya. Ba kome. Ni har yanzu in na faɗe shi sai tsigar jikina ta tashi.

Kowace ƙwayar jini tana sanye da riga mai ruɓi biyu, ta maiƙo. Kowane ɗigon maiƙo yana da kai mai son ruwa da wutsiya mai gudunsa. Sai su jeru sahu biyu, kawunan waɗannan suna kallon waje, na waɗancan suna kallon ciki, wutsiyoyi a ɓoye a tsakiya. Ba ɗinki, ba ƙusa. Gudun ruwa kaɗai ke riƙe da su. A cikin maiƙon kuma furotin na shawagi kamar kwale-kwale a tafki: wasu ƙofofi ne, wasu masu gadi, wasu an ɗaure su a turke ta ƙasa, ba sa zuwa ko'ina.

Akwai wani maiƙo da wurinsa sahun ciki ne kawai. Sunansa na boko dogo ne, a nan ɗan ciki nake ce masa. In ya sulale ya leƙa waje, akwai furotin da ba shi da wani aiki sai ya kamo shi ya mayar. Wannan kuma Iya nake ce masa. Haka Iyarmu take yi a gidanmu na Oje, da hadari ya haɗu sai ta fito da zani a hannu, ta ratsa yaran unguwa, ta kamo ƙanwata Malomo ita kaɗai ta mayar ɗaki. Ni ana barina in sha ruwan sama har in gaji.

A jinin masu sikila Iya tana gajiya. Ɗan ciki ya fito ya zauna a waje, ƙwayar ta yi danƙo, ta manne a bangon jijiya, jiki kuma ya ga alamar ya ce wannan ta gama, a zo a kwashe.

Uku aka haifa tsakanina da Malomo, ba wanda ya zauna. Sunanta ma roƙo ne, kada ta sake tafiya. Ga ta ta haura arba'in, tana ɗinki a kasuwar Dugbe, tana zagin masu kawo yadi mai arha. A tsohon madubinmu na duba ƙwayoyi, in na zuba wa jininta rinin da ke kama ɗan ciki, ƙwayoyi kaɗan ne suke haske, ba kamar na sauran masu sikila ba. Kamar Iyarta ba ta gajiya. Amma "kamar" ba ilimi ba ne. Sai an ƙirga, ƙwaya bayan ƙwaya ta gifta ta cikin zaren haske, kuma da jinin da aka ɗiba a safiyar. Na sha kai shi Legas a cikin kula, ya tsufa a cunkoson hanya kafin in isa.

Ciki ya zauna ciki, waje ya zauna waje. Rai ke nan, gaba ɗayansa.

Asabar, 9 ga Mayu, da yamma

Na biya shagon Malomo. Tana yanka leshin wata amarya almakashi ya faɗi daga hannunta. Ta ɗauka, ya sake faɗi. Ta ce sanyin damina ne. Maganar ta fito a karkace.

Lahadi, 10 ga Mayu, da safe

Asibiti. Ba zan rubuta ba.

Talata, 12 ga Mayu, azahar

Hannun ya dawo. Bakin ma ya dawo, har ta ce wa nas ɗin ɗakinsu wanda ya ɗinka mata riga bai son ta.

Likitan ya ja ni gefe, ya yi mini magana a hankali kamar ban san kome ba. Somin shanyewar ɓarin jiki ne, abin ya zo ya tafi. In ya dawo, ba lallai ya tafi ba. Za su canja mata jini, su janye nata su zuba na lafiyayyu, kuma daga yanzu haka za a riƙa yi duk wata. Na ce to. Daidai ne. Da ni ce shi, abin da zan faɗa ke nan.

Da ya kawo takardar sa hannu sai ta ajiye biron a kan cikinta.

"Anti mi, in sun canja, wanda za ki gani a na'urar taki na wane ne?"

"Gauraye. Yawanci na waɗanda suka bayar."

"Wato na wani direban danfo."

"Ko na limami, in kin yi sa'a."

"Har yaushe?"

Likitan ya ce har abada, insha Allahu, yana murmushi, a zatonsa albishir yake yi.

Ta ce, "Tun ina budurwa kike tsotsata kamar kuɗin cizo. Kina ce mini, Malomo, akwai wani abu a jininki, in na gano shi yaran wasu za su zauna. Yanzu sai a juye shi a bokiti ba ki gani ba? Likita, ɗauki bironka. Sai yayata ta duba tukuna."

Na yi mata tsawa a gaban mutane. Ta juya wa bango fuska ta ce a kashe fanka.

Alhamis, 14 ga Mayu, da hantsi

Na shiga ofishin Gbadebo ba sallama. Na gaya masa duka, har almakashin. Fuskarsa ta canja, na ga tsohon Gbade ya leƙo, wanda muka yi aji ɗaya da shi, wanda ya taɓa ba Malomo jininsa muna ɗalibai ya suma a kan benci. Sai kujerar ta janye shi ta mayar.

Ya ce, "To ki ɗibi jinin ki sa a firiza mana. Bayan biki sai ki duba a tsanake."

A firiza.

Mutumin da ya yi digirinsa na uku a kan tantanin ƙwayar jini. Shi ya fara nuna mini yadda ƙanƙara ke tsirowa kamar allurai ta huda rigar, in ta narke ba ciki ba waje, rini ya shiga ko'ina, kowace ƙwaya ta yi haske kamar ta mutu. Na tsaya ina kallonsa har ya tuna. Na ga lokacin da ya tuna. Ya cire tabarau ya goge da gefen agbada.

Ya ce, "Cif ya yi alkawarin ginin sabon ɗakin gwaji, Ibidun. Ba ke kaɗai ba ce a sashen nan. Akwai yara masu tasowa."

"Ka kira shi ka tambaya."

"A tambayi Cif ko za a ɗaga yadin ɗansa kafin ya zo? Ke wace irin Bayarabiya ce?"

"Irin mai ƙanwa."

Ya ce zai duba. A bakin Gbade na yanzu, zan duba yana nufin ki rufe ƙofar in kin fita.

Juma'a, 15 ga Mayu, bayan taron sashe

Ciki ya zauna ciki. Na gaishe shi, har da murmushi.

Litinin, 18 ga Mayu, la'asar

An sallame ta, tana gidana, tunda ta ƙi sa hannu kuma gadon ana bukatarsa.

Barci ya sace ni a kan teburi da rana tsaka. Na ga garin nan duka yana yawo a kan ruwa, rufin kwano sahu biyu, na sama da na ƙasa, tsatsa tana kallon tsatsa. Mutane suna shiga suna fita ta ƙofofin da ke tafiya a hankali, ba ƙofar da ke nan inda ka bar ta. Iya tana cikin kwale-kwale da zaninta na adire, ta tsufa fiye da yadda ta kai a duniya. Tana kamo yara ɗaya-ɗaya tana turawa ƙasa. Ta ce mini, Ibidun, hannuna ya gaji, zo ki kama. Na duba hannuwana, an ɗaure su da jan ƙyalle, an yi masa kyakkyawan ƙulli irin na kyauta.

Na farka yadin na'urar yana motsi. Iska ce ta taga.

Kusan shekara ɗari ke nan wasu Turawa biyu suka wanke maiƙon ƙwayoyin jini suka shimfiɗa a kan ruwa, suka ga ya rufe ninki biyu na faɗin ƙwayoyin, suka ce ashe rigar ruɓi biyu ce. Daga baya aka gano sun yi kuskure biyu: ba su wanko maiƙon duka ba, kuma sun rage faɗin ƙwayoyin a lissafi. Kuskuren farko ya cinye na biyu, gaskiya ta fito. Ina son labarin nan. A sashenmu kurakurai ba sa cinye juna, aure suke yi su hayayyafa.

Laraba, 20 ga Mayu, da magariba

Na tuƙa mata amala, na yi ewedu mai yauƙi yadda take so. Tana ci da hannun dama a hankali, tana kallonsa kamar baƙon da ba ta yarda da shi ba. Na shirya abin da zan faɗa tun a mota.

Na ce, "Malomo, na sake duba tsofaffin hotunan. Kuskure na yi. Madubin ne ya lalace. Jininki kamar na kowa yake, ba abin da za a gani. Gobe mu je ki sa hannu."

Ta lashe yatsa. "Ki sake faɗa, amma ki daina kallon tukunya."

Na kalle ta na sake faɗa.

"Kai, Anti mi. Duk karatun nan ba su koya miki ƙarya ba? Ki zo shagona in ba ki horo. Ni da nake ce wa mace mai ƙiba rigar ta zauna."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma." Ta ture kwanon. "Kin san abin da na ji ana kirana da shi tun ina yarinya. Mai zuwa ta koma. Iya ta sa mini ƙarfe a ƙafa, aka tsaga mini kunci don kada abokaina na lahira su gane ni su zo su ɗauke ni. Kowa na jiran ranar. Ke kaɗai kika zo kika ce ba tafiyata ce abin tambaya ba, zamana ne. Me ya sa wannan ta zauna. Ina so in ji amsar, ni ma. Jinina ne."

"In abin ya dawo fa?"

"To ki yi sauri."

Na fita tsakar gida na tsaya a cikin yayyafi. Ba wanda ya fito ya mayar da ni.

Juma'a, 22 ga Mayu, bayan azahar

Na je gidan Cif a Bodija da kaina, ba tare da sanin kowa ba. A hanya na tanadi maganganu masu kaifi, na wasa su ɗaya bayan ɗaya. Cif ya yi tafiya. Uwargidansa ce ta karɓe ni, Mama Dotun, uwar marigayi Adedotun, 'yar tsohuwa ƙarama a cikin kujera babba. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi daga inda nake.

Ta ce, "A'a, mutanen na'ura. Kun gaji da mu ko?"

Na buɗe baki.

Ta ce, "Kada ku ga laifin Cif, 'yata. Ni ce. Duk ranar da aka sa, in ta matso sai in kwanta ciwo. Ba na ƙarya ba, na gaske. Yanzu in na tashi da safe ina da abin yi wa Dotun: a kira mai abinci, a kira mai rumfa, a canja launin gelen da za a ɗaura a ka. Ranar da aka yanke ƙyallen nan, shi ke nan, ya zama allo a bango. Sai in yi masa me kuma?"

Hotonsa na kan talabijin. Idanun nan masu ruwan ɗorawa, siririn wuya, murmushin wanda ya saba ce wa mutane da sauƙi. Na san fuskar. Na girma da ita a ɗaki ɗaya.

Duk maganganun da na wasa suka dushe. Na gaya mata labarin Malomo a taƙaice, muryata kamar ta wata. Ta saurara idonta a rufe. Ta tambayi shekarunta. Da na faɗa sai ta maimaita a hankali, kamar tana ɗanɗana wani abinci da ba ta taɓa ci ba.

Ta ce, "Ni ban san maganar na'ura ba. Cif kuma ba ya son a tsallake shi, ko ni ba na tsallake shi. Sai ya dawo wata mai kamawa." Har na miƙe sai ta ce, "Wane launi ne ƙyallen? Ban taɓa ganinsa ba."

Na ce ja.

Ta ce, "Ba ya son ja."

Ban san ko izini ne ba. Ba izini ba ne. Na yi ta juya shi a cikin tasi har gida.

Asabar, 23 ga Mayu, da safe

Cokali ya faɗi daga hannun Malomo. Ta ce santsi ne. Na ce e, santsi ne.

Lahadi, 24 ga Mayu, da yamma

Mun yi ciniki, ni da ita, irin na 'yan Dugbe, da ihu da fushi da fita da dawowa.

Gobe da sassafe zan kai ta asibiti. Zan ɗibi jininta kwalba ɗaya da hannuna. Allurar na fita, za ta sa hannu a fara canja mata jini, ko na duba ko ban duba ba. Likitan ya yarda, jinin yana nan a ajiye. Na sa ta rantse da kabarin Iya. Ita kuma ta sa ni na buɗe jakarta. Almakashinta ne a ciki, babban, mai baƙin mariƙi, wanda ko 'yarta ba ta bari ta taɓa.

"Kada ki yanka takarda da shi, zai dakushe. Yadi kawai yake ci. Kuma ki yanka a karkace, Anti mi, kada bakin ya zare. Abin mutane ne."

"In an kore ni fa?"

"Ina neman mai sa maɓalli."

Yanzu tana barci a ɗakina, hannun a kan ƙirjinta. A cikinta Iya tana ta aiki, tana kamowa tana mayarwa, ba ta san gobe za a kawo mata baƙi ba. Wataƙila in ƙirga in tarar ba kome. Wataƙila madubin ne da gaske. To, sai in gaya mata haka, ina kallon idonta.

Na aika maka saƙo, Gbadebo, na ga ka karanta. Ga shi a nan ma. Kwalbar za ta iso teburina da ƙarfe tara. Kana da har tara. Ka kira Cif, ko ka zo ka kwance ƙullin da kanka ka tsaya a gefena, kamar yadda ka faɗa a gindin mangwaro.

In tara ta yi ba ka zo ba, zan yanke shi. A karkace. Zan ninke farin yadin in ajiye a kan kujera, in kunna ta, in zauna in ga jinin ƙanwata yana giftawa ta cikin haske, ƙwaya bayan ƙwaya, karo na farko kuma na ƙarshe. Abin da ya fito, ita zan fara kai wa, a kan gadonta, jinin direban danfo yana shiga jijiyarta. Daga can in wuce Bodija da jan ƙyallen a jakata, in durƙusa in sa shi a hannun Mama Dotun, in gaya mata abin da Dotun ya yi da safiyar nan, da abin da zai riƙa yi kowace safiya in an bar shi. Sannan in dawo in karɓi takardarka ta tuhuma. Ka sa a buga ta da wuri, sakatariyarka ba ta da sauri.

Saura sunan. Ka ce in kira ka da duk wanda na ga dama, kuma na yi makonni ina zaɓe, na samu masu kyau ƙwarai, wasu ma sai an rufe wa yara kunne. Na bar su duka. Daga tara da minti ɗaya, in mun haɗu a baranda, zan rusuna in ce, barka da aiki, Farfesa. Haka zan riƙa ce maka har ɗayanmu ya bar duniya. Gbade kuma zan mayar da shi ciki, ba zai ƙara fitowa ba.